Yadda Ake Gina Gidan Yanar Gizo na Babbar Ma'aikata da Yadda Ake Riƙe Shi

Yawancin matasanmu da suka koyi wannan sana'a da ƙananan ayyuka suka fara: gidan yanar mai sayar da yadi, na makarantar unguwa, na ɗan takara. Hannu ya faɗa, suna ya fita, sai ga aikin jami'a ko asibitin koyarwa ko wata hukumar gwamnati ya faɗo. A nan ne nake ganin ana ta tafka kurakurai iri ɗaya shekara da shekaru, shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora.

A ƙaramin aiki mutum ɗaya ne mai magana: shi ke ba ka rubutu, shi ke cewa ya yi, shi ke biyanka. A babbar ma'aikata kuwa sassa ne barkatai, kowane da shugabansa da tarin takardunsa, kowa kuma yana ganin nasa ne ya cancanci shafin farko. Ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki, wasu su yi ritaya, sabon shugaba ya zo da nasa ra'ayi. Zaɓen launi da hotuna shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke kashe irin wannan gini shi ne, bayan an gama bikin ƙaddamarwa an watse, babu wanda ya san wa ke da alhakin wane shafi. A nan idan na ce gidan yana ina nufin dukan ginin, idan na ce shafi ina nufin fage guda a cikinsa.

Abubuwan da za a tanada kafin a fara

- Jami'i ɗaya mai ikon yanke hukunci, wanda shugaban ma'aikata ya naɗa a rubuce. Kwamiti na iya ba da shawara, amma idan sassa biyu suka ja daga, dole a sami wanda maganarsa ce ta ƙarshe.
- Babban edita, ma'aikacin cikin gida, wanda ya iya rubutu kuma ya san aikin ma'aikatar.
- Adireshin gidan yana da aka yi wa rajista da sunan ma'aikata da imel ɗinta. A Najeriya, hukumar NITDA ce ke kula da adireshin da ya ƙare da .gov.ng, sauran na .ng kuma suna ƙarƙashin NiRA. Na Jamhuriyar Nijar da .ne suke ƙarewa.
- Masauki biyu a kan sabar: ɗaya na gwaji, ɗaya na jama'a.
- Manhajar sarrafa bayanai, wadda za mu yi maganarta a mataki na 4.
- Takardar Excel ko makamanciyarta, don ƙidayar shafuka.
- Wayar Android mai arha da layin data na gama-gari, don gwaji.
- Kasafin kula da gidan yana na kowace shekara, daban da kuɗin gina shi.

Idan na farko da na ƙarshe ba su samu ba, shawarata ka faɗa wa masu aikin gaskiya tun kafin ka sa hannu a kwangila.

Mataki na 1: Gano masu zuwa da abin da ke kawo su

Kuskuren farko shi ne a fara da tambayar shugabanni abin da suke so a sa. Amsar sananniya ce: hoton shugaba, jawabin maraba, tarihin kafuwa, manufa da buri. Amma uwar da ta buɗe gidan yanar asibiti da tsakar dare tana neman lambar sashen gaggawa ne. Ɗalibi yana neman ranar rufe rajista da adadin kuɗin makaranta. Ɗan fansho yana so ya san takardun da zai riƙo ranar tantancewa, don kada ya yi asarar kuɗin mota daga ƙauye.

Ina za ka samo wannan bayani? Je ka zauna wuni guda a teburin karɓar baƙi. Tambayi mai gadin ƙofa da masinja da mai amsa waya irin tambayoyin da aka fi damunsu da su, domin sun fi darakta sanin abin da ke kawo jama'a. Idan akwai tsohon gidan yana, duba alƙaluman masu ziyara da kalmomin da suke rubutawa a akwatin nema. Sannan ka rubuta kowace buƙata a jimla ɗaya: wane ne, me yake so, don me. Jera su daga wadda aka fi nema zuwa ƙasa.

Gwamnatin Birtaniya ta bi wannan hanya lokacin da ta buɗe GOV.UK a watan Oktoban 2012. Ta rufe manyan gidajen yanarta biyu, Directgov da Business Link, daga baya ta tattaro ma'aikatu da ɗaruruwan hukumomi ƙarƙashin adireshi ɗaya, aka tsara komai bisa abin da ɗan ƙasa ya zo yi. Mai son sabunta fasfo ba sai ya san sunan ofishin da ke buga fasfo ba. Amfanin jerin buƙatun nan a gare ka shi ne, ranar da wani babba ya ce lallai sai hoton taronsa ya hau saman shafin farko, kana da hujja a rubuce da za ka nuna masa cikin ladabi.

Mataki na 2: Ƙidaya abin da ake da shi

Buɗe takardar Excel, ka ba kowane tsohon shafi da kowane fayil layi guda: adireshinsa, abin da ya ƙunsa, sashen da ya mallake shi, ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, da hukuncinsa. Hukunci huɗu ne: a bar shi, a gyara, a haɗe shi da wani, ko a cire.

Aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa sabbin shiga ke tsallake shi su kwashe komai su zuba a sabon gini. Illar ita ce tsohon bayani ya fi rashin bayani cutarwa. Jadawalin kuɗin makaranta na shekara uku baya, lambar asusun banki da aka daina amfani da ita, tallar ɗaukar ma'aikata da aka rufe tuntuni: duk suna nan a Google, kuma 'yan damfara na jin daɗin irinsu. Shafin da ka zagaya ma'aikata kaf ba ka sami wanda ya ce nasa ne ba, kada ya shiga sabon gidan yana. Takardun da doka ko tarihi suka sa a adana, a kai su sashen ajiya, a rubuta a samansu ƙarara cewa tsofaffi ne.

Mataki na 3: Tsara rassa da adireshi

Kada jerin zaɓin da ke saman shafi ya zama kwafin jadawalin muƙaman ma'aikata. Baƙo bai san bambancin sashen gudanarwa da sashen tsare-tsare ba, kuma bai kamata a tilasta masa sani ba. Sa masa sunayen ayyuka: neman gurbin karatu, biyan kuɗi, ganin likita, shigar da ƙorafi.

Akwai dabara mai sauƙi. Rubuta manyan batutuwa a kan ƙananan katuna, ka ba mutanen da ba ma'aikatan wurin ba, ka ce su kasa su kashi-kashi yadda suka ga ya dace, su ba kowane kashi suna. Inda ra'ayinsu ya zo ɗaya, nan ne reshenka.

Adireshin kowane shafi ya zama gajere, kuma a tsara shi da niyyar ba zai canza ba. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, yake gargaɗi a kan canza adireshin shafi. Kada ka sa sunan sashe ko na shugaba a ciki, domin sassa na canza suna, shugabanni na tafiya, alhali adireshin ya riga ya shiga takardun sanarwa da jaridu da saƙonnin WhatsApp da ba ka da ikon gyarawa.

Mataki na 4: Zaɓi manhajar sarrafa bayanai

Wannan ita ce manhajar da ke ba ma'aikacin da bai san komai game da rubutun kwamfuta ba damar ɗora sanarwa da kansa. WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ce ta fi yaɗuwa, sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar duniya a kanta suke, kuma ba wuya a sami wanda ya iya ta. Drupal, wadda ta girme ta da shekara biyu, ta fi ƙarfi wajen raba iko tsakanin editoci masu yawa da tafiyar da harsuna da dama, amma masu iya ta ba su kai yawan na WordPress ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan na tafi, wa zai iya riƙe wannan a garin nan?

Abu biyu nake hana kowa. Na ɗaya, manhajar da ɗan kwangila ya ƙera da kansa wadda shi kaɗai ya san cikinta. Ranar da aka ɓata da shi, ma'aikata ta shiga uku. Na biyu, fulogin da samfurin zane na kuɗi da aka sato aka raba kyauta a intanet. Sau da yawa an dasa musu ƙofar baya ta masu kutse, kuma ba sa karɓar sabuntawa.

Mataki na 5: Zana don waya, don mai ƙaramin data, don kowa

Kai a kan babbar kwamfuta kake aiki, da intanet ɗin ofis. Mai ziyara kuwa galibi waya ce a hannunsa, data ɗinsa ƙidayayye ne, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Don haka fara zanen daga ƙaramin allo, sannan ka faɗaɗa. Google ma fasalin waya yake dubawa wajen jera shafuka, kuma ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne babban abin da ke cikin shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hoton da aka ɗauko kai tsaye daga kyamara yakan kai megabait da yawa. Rage girmansa kafin ɗorawa. Hotunan nan masu zagayawa da kansu a saman shafin farko, ni dai ban ga amfaninsu ba: suna cinye data, suna ture abin da aka zo nema zuwa ƙasa.

Sai maganar masu buƙata ta musamman, wadda aka fi sakaci da ita. Ƙungiyar W3C tana da ƙa'idoji da ake kira WCAG, fitowar 2.2 ta zo a 2023. Daga cikinsu: bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, kowane hoto mai ɗauke da ma'ana a rubuta masa bayanin da manhajar karanta allo za ta karanta wa makaho, kowane gurbi a fom ya zama da suna, kuma a iya zagaya shafi da allon rubutu kaɗai ba tare da linzami ba. A nan dole in tsaya kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ma'aikatunmu: a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauki hotonta da waya a ɗora. Makaho ba zai ji komai a ciki ba. Akwatin nema ba zai gano ta ba. Mai ƙaramar waya sai ya yi ta ja yana matsewa. A rubuta sanarwar a matsayin shafi, idan ana son nuna hatimi sai a liƙa PDF ɗin a ƙasa a matsayin ƙari.

Idan gidan yanar zai ɗauki Hausa, kuma ya kamata ya ɗauka in Hausawa ne masu hulɗa da ma'aikatar, akwai abubuwan lura. Rumbun bayanai da shafuka duk su kasance a tsarin UTF-8. Gwada salon haruffan da ka zaɓa da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Salo da yawa masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai burauza ta aro daga wani salo, harafin ya fito a karkace ko ya zama ɗan akwati. Noto Sans da Andika suna da su. Sa alamar harshe ta ha a kan shafukan Hausa don manhajoji su gane. Sannan ka tuna yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna rubutu a waya, saboda haka a saita akwatin nema yadda wanda ya rubuta kudi zai sami shafin da aka rubuta kuɗi. Fassarar na'ura kuma kada ta hau shafi sai wanda ya san harshen ya bi ta layi-layi, musamman a maganar lafiya da kuɗi da shari'a. Duk gyaran da aka yi a shafin Turanci ko Faransanci, a yi shi a na Hausa a ranar. In ba haka ba mai karanta Hausa ne kullum zai riƙa samun tsohon labari.

Mataki na 6: Kafa tsarin rubutu da amincewa

Nan ne zuciyar aikin. Kowane shafi a rubuta masa abu biyu a cikin manhaja: muƙamin wanda ke da alhakinsa, da ranar da za a sake duba shi. Muƙami na ce, domin mutum na iya barin aiki, kujera kuwa tana nan. Shafin kuɗin makaranta na ofishin ma'aji ne, a duba shi kafin kowane zangon karatu. Shafin lambobin waya a duba shi duk wata uku, ta hanyar kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Raba iko hawa uku. Marubuci a kowane sashe yana shirya daftari amma ba ya iya wallafawa. Edita yana dubawa ya wallafa. Mai kula da manhaja, mutum biyu ko uku kacal, shi ke taɓa saituna. Kowa da asusunsa. Kalmar sirri ɗaya da ofis duka ke amfani da ita na nufin ranar da aka yi ɓarna ba za a san wanda ya yi ba.

Kada matakan amincewa su wuce biyu. Idan sai fayil ya bi tebur biyar kafin sanarwar ɗage jarrabawa ta fita, to za ta fita bayan ɗalibai sun hallara a zaure, kuma daga ranar za su koma dogaro da jita-jitar WhatsApp. A ware hanyar gaggawa: wa za a kira da dare ko ranar hutu, wa ke da ikon cewa a saka.

Edita ya rubuta 'yar takardar salon rubutu, shafi biyu ko uku sun isa: yadda ake rubuta kwanan wata, kuɗi, sunan ma'aikata, muƙamai. Dokar da ta fi kowace muhimmanci a ciki ita ce a fara da abin da mai karatu ya zo nema. Rana, wuri, kuɗi, takardun da za a riƙo, su zo a layukan farko. Kuma bayani ɗaya ya zauna a wuri ɗaya, sauran shafuka su yi nuni zuwa gare shi. Idan aka kwafe adadin kuɗi a shafi huɗu, ranar canji za a gyara uku a manta ɗaya.

Mataki na 7: Gwada kafin ƙaddamarwa

Samo mutum biyar irin masu ziyara na gaske, ka miƙa musu wayar nan mai arha, ka ba su aiki: nemo ranar rufe rajista, cike fom ɗin ƙorafi. Yi shiru ka kalla, kada ka taimaka. Jakob Nielsen ya nuna tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan bankaɗo mafi yawan matsalolin amfani. Gyara, ka sake da wasu biyar.

Sannan gwajin cunkoso. Fotal ɗin da ke tafiya lafiya da mutum 20 na iya durƙushewa ranar da aka saki sakamako. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amurka da duk arzikinta ta ɗanɗana wannan a ranar 1 ga Oktoban 2013, lokacin da aka buɗe HealthCare.gov na inshorar lafiya: ba a gwada dukan tsarin a haɗe ba sai a makonnin ƙarshe, ya kasa ɗaukar jama'a, mutum 6 kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon dubban masu ziyara a lokaci guda. Yi amfani da su a masaukin gwaji.

Koma kan takardar Excel ta mataki na 2, ka sa wa kowane tsohon adireshi turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, zuwa sabon wurinsa, don kada masu tsohon linki su riƙa cin karo da saƙon 404 na rashin samun shafi. Kada a ƙaddamar ranar Juma'a da yamma ko jajibirin hutu.

Mataki na 8: Tsaro da kulawar yau da kullum

Sabunta manhaja ba ya jira. A ranar 15 ga Oktoban 2014 aka sanar da wata ɓaraka a Drupal, daga baya masu kula da tsaronta suka ce duk wanda bai toshe ta cikin awa 7 ba ya ɗauka an riga an shige shi. A 2017 kamfanin Equifax na Amurka ya bar wata manhajar gidan yanarsa ba sabuntawa bayan maganin ɓarakar ya fito a watan Maris, masu kutse suka shiga a watan Mayu, suka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147. A sa wa wani aikin sabuntawa da sunansa, ya fara gwadawa a masaukin gwaji, sannan ya kai na jama'a. Duk mai asusu ya kunna tantancewa mai hawa biyu. Ma'aikacin da ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar.

Ajiyar ko-ta-kwana ta zama kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da sabar. Lokaci-lokaci a gwada dawo da gidan yanar daga ajiyar, domin da yawa sai ranar da masifa ta auku suke gane cewa fayil ɗin fanko ne.

Rubuta ranar ƙarewar rajistar adireshi a kalandar ofis, tunatarwa kuma ta riƙa zuwa imel ɗin ma'aikata da mutum fiye da ɗaya ke gani. Kamfanin Microsoft kansa ya manta da sabunta rajistar adireshinsa na passport.com a ƙarshen 1999, masu Hotmail suka kasa shiga, sai wani mutum daga waje ya biya dala 35 aka farfaɗo. Takardar tsaro ta HTTPS ana samunta kyauta daga Let's Encrypt, amma wa'adinta gajere ne, kwana 90 aka saba, don haka a saita ta ta riƙa sabunta kanta.

Bayanan jama'a amana ne. Najeriya ta kafa dokar kare bayanai a watan Yunin 2023, da hukumar da ke sa ido a kanta. Kada fom ya tambayi abin da ba a buƙata. Kada a ɗora jerin waɗanda aka ɗauka aiki ko aka ba gurbin karatu haɗe da lambobin wayarsu da ranar haihuwa da lambar NIN. Lambar neman gurbi kaɗai ta wadatar, kowa zai gane tasa.

Ku kuma shugabannin ma'aikatu, ina roƙonku kada ku biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai ya miƙa muku shaidar cewa adireshi da masauki da sunan ma'aikata suke, da dukan kalmomin sirri, da kwafin manhajar, da littafin koyarwa, kuma ma'aikatanku sun wallafa shafi da hannunsu a gabanku ba tare da ya taɓa musu komai ba.